Wasan 'yar tsana: na Turawa ne, ko muna da namu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar firamare ce a Katsina. Na ɗinka 'yan tsana da tsofaffin safa ina koya wa yara darasin tsafta da su, sai wata abokiyar aikina ta ce wasan Turawa ne, kuma shirmen yara. Don Allah ina asalinsa, iri nawa ne, kuma muna da namu?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama, sannu da ƙoƙari. Abokiyar aikinki ba ta yi daidai ba a duka biyun, kuma zan fara daga gida.

A ƙasar Hausa akwai dabo-dabo, a Borno ana ce masa dogodogo, a Nijar kuma ana kiran 'yan tsanar ɗiyan dabo. Mai wasan yakan kafa sanduna ya lulluɓa babbar riga a kansu, ya shige ciki ya zauna, sai 'yan tsanar su leƙo ta wuyan rigar, sanye a hannunsa. A bakinsa akwai ɗan abin busa na ɓawon ƙwan jimina, wanda ke mayar da muryarsa siririya kamar ba ta ɗan Adam ba. Wani Bature mai suna Ellison ya rubuta bayanin irin wannan wasa da ya gani a Borno a 1935, lokacin da ba wanda ya san talabijin a ƙasar nan. Abin yana damuna ƙwarai, yadda muka bari ya kusa ɓacewa har jikokin masu shi suna ɗaukarsa baƙo. Kuma ba mu kaɗai ba ne: Tibi na Binuwai suna da Kwagh-hir, wanda UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2019, mutanen Markala ta Mali kuma suna fito da manyan 'yan tsana a bakin kogin Kwara.

Game da ire-irensa, hanya mafi sauƙi ita ce ki tambayi kanki: ina hannun mai wasan yake? In yana cikin 'yar tsanar, to ta hannu ce, dangin dabo-dabo da safarki, da Aragoz na Masar, da Punch wanda aka fara ambatonsa a Landan a 1662. Su ma waɗannan biyun da abin busa a baki ake yi musu murya. In hannun yana sama yana jan zare, ta zare ce, kamar yadda ake yi a Rajastan ta Indiya da ƙasar Cek. Tana da kyau amma sai an daɗe ana koyo. In yana ƙasa yana riƙe da sanda, ta sanda ce. A Biyetnam har cikin ruwa ake yi, masu wasan na tsaye a bayan labule, ruwa ya kai musu ƙugu.

Wanda ya fi taɓa zuciyata shi ne wasan inuwa. Farin ƙyalle, fitila a baya, da siffofin da aka yanka daga fata. A tsibirin Jaba na Indunusiya ana kiransa wayang kulit, kuma mutum ɗaya ne, dalang, yake ɗauke da komai. Yakan tanƙwashe ƙafa tun bayan isha'i har asuba, yana motsa siffofin fatar ɓauna, yana yi wa kowace muryarta, yana waƙa, yana kuma ba makaɗa umarni ta hanyar ƙwanƙwasa akwatin da ke gefensa. Mutanen Jaba, waɗanda akasarinsu Musulmi ne, suna ba da labarin cewa Sunan Kalijaga, ɗaya daga cikin waliyyai tara da suka yaɗa Musulunci a can, ya yi amfani da wannan wasa wajen jawo jama'a. A Alƙahira, Ibn Daniyal, likitan ido ɗan asalin Mosul da ya rasu a 1310, ya bar wasannin inuwa uku a rubuce, suna nan har yau. A Turkiyya, tun a da, da dararen azumi ake taruwa kallon Karagoz, talaka mai bakin tsiya, da abokinsa Hajibat mai iyayin ilimi. A wancan zamanin manya ne ke cika wurin, domin 'yar tsana tana iya faɗa wa mai mulki abin da mutum ba zai iya faɗa da fuskarsa ba.

In kuma ana maganar shirme, a dubi Bunraku na Osaka a Japan. Mutum uku ke riƙe 'yar tsana ɗaya: babba yana da kai da hannun dama, na biyu hannun hagu, na uku ƙafafu. Masu sana'ar suna cewa shekara goma a ƙafa, shekara goma a hannun hagu, kafin a ba ka kai.

Ki ci gaba da aikinki, Malama. Ki kula da abu biyu: idon 'yar tsanar ya riƙa kallon yaran, kuma wadda take magana ita kaɗai za ta motsa, ɗayar ta tsaya cik tana sauraro. In kin samu hali, ki gwada na inuwa da farin zane, tocila da siffofin kwali a kan tsinken tsire. Ki fara da Gizo da Ƙoƙi, ki bar yaran su yanka siffofin da hannunsu.