Me ya sa sai an riƙa tsayar da aiki ana duba shi mataki-mataki?

Malam, ka ce wannan dube-duben ɓata lokaci ne kawai, gaskiya ban yarda ba. Ai NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ce ta fito da TRL, wato ma'aunin da ke nuna inda sabuwar fasaha ta kai kafin a fara amfani da ita, matakai 9 ne, na 1 tunani ne a takarda, na 9 kuwa abu ya riga ya yi aiki a fili. Inda ake shan wuya tsakanin 4 da 6 ne, misali batir ya yi lafiya lau a ɗakin gwaji amma da an kai shi cikin zafi da girgiza sai ya mutu, to gara a gano nan kafin a zuba kuɗin ƙera dubbai. Kuma kar masu aikin su duba kansu, kowa nasa yake yabo. A nemo na waje.