Waƙa na tsalle a kan faifan Serato tun shigowar hunturu: ina mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni DJ ne a nan Maradi, ina aiki da Serato, manhajar kiɗa ta kwamfuta da ake sarrafawa da faifai, da injin faifai biyu ƙirar Technics 1200. Tun da hunturu ya kama hankalina ba ya kwance. Ana tsakar rawa sai waƙa ta riƙa ja, ko ta yi tsalle, ko ta tsaya cak. A wani biki a unguwar Zariya har dangin ango suka fara yi mini magana. An goge mini kwamfuta an sake zuba komai, ba abin da ya canza. Wani ya ce in ɗaura tsabar dala ashirin, wato sefa ɗari, a kan allurar. Ga bukukuwa biyu a gabana, na kuma riga na karɓi kafin alƙalami. A taimaka.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, alamun da ka faɗa na ƙura ne, kuma gyaransu bai kai kuɗin da ka kashe wajen goge kwamfuta ba.

Fara da wannan gwaji. Da zarar waƙa ta fara ja, danna INT a Serato, wanda ke sa waƙa ta tafi daga kwamfuta ba tare da bin faifai ba. In ta daidaita nan take, laifin yana tsakanin faifai da allura da wayoyi. In ta ci gaba da yankewa, to matsalar na ɓangaren kwamfuta ne, wataƙila zafi ta yi don fankarta ta cushe da ƙura, sai a buɗe a hure ta.

Ina kyautata zaton za ta daidaita. To shiga Setup na Serato ka dubi da'irar da ke nuna ƙarar da ke zuwa daga faifai. Ka san faifan ba waƙa yake ɗauke da ita ba, ƙara ce mai kilohaz 1, da ita Serato ke gane sauri, yana gane gaba ko baya daga tazarar da ke tsakanin ɓangaren hagu da na dama. Da'ira mai kauri da gashi-gashi ƙura ce a bakin allura. In ta koma layi ɗaya, ɓangare guda ya mutu: kwance kan allurar, ka goge ƙarafa huɗun da ke haɗa shi da hannun injin da abin goge fensir, ka duba wayoyin RCA masu ɗauko sauti daga injin, da wayar ƙasa. Lambar da ke nuna kason da ake iya karantawa ya kamata ta tsaya wajen 85. In tana faɗuwa tana tashi, ka kama ɓarawonka.

Daga Nuwamba zuwa Maris iska a bushe take, kuma faifai in ya bushe yana jan ƙura da kansa. Ga shi bukukuwanmu a fili ake yi, ƙarƙashin rumfa, ƙafafun masu rawa na tayar da rairayi. Saboda haka ka riƙa share allura da ƙaramin buroshinta daga baya zuwa gaba, kada ka share ta gefe zuwa gefe. Faifan kuma buroshi mai laushi yana juyawa, kafin farawa da kuma duk lokacin da ɗaya injin ke kiɗa. Kakkaɓe shimfiɗar da ke ƙarƙashinsa. A fili ka yi aiki da REL, mai bin juyin faifai kawai, maimakon ABS, mai bin inda allura take a kan faifai, don ko allura ta yi tsalle waƙa ba za ta bi ta ba.

Yanzu maganar dala ashirin. Wallahi wannan abu ya ishe ni. Da wuya mako ya wuce ba a kawo mini injin da aka naɗe wa kan allura da tsabar kuɗi da salatif ba, mai shi kuma yana rantsuwa cewa wani gwani ne ya koya masa. Wane gwani? Allurorin da kuke amfani da su, irin su Ortofon Concorde, nauyin giram 3 zuwa 4 aka yi su da shi, Shure M44-7 kuwa iyakarta giram 3. Tsabar nan ita kaɗai ta kusa ninka wannan nauyi, ka ɗora ta a kan wanda ke akwai. Ƙarfen da ke riƙe da bakin allura siriri ne, a cikin wata ƴar roba yake zaune. Nauyin zai danne robar har ta saki, ƙarfen ya kwanta, cikin allurar ya fara gogar faifai.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne, a daren farko yana yin aiki. Nauyi ya tura allura ta huda dunƙulen ƙurar, waƙa ta daidaita, sai a ce ai ga shi nan. Jakin da ƙaya ta soka ne aka ƙara wa kaya don ya daina ɗingishi. Ƙurar tana nan ba ta je ko'ina ba, kuma ƙurar hunturu akwai rairayi a cikinta. Yanzu allura na niƙa shi cikin layin faifai da ƙarfi fiye da kima. Alamun da Serato ke karantawa don sanin inda allura take sirara ne ƙwarai, su ne farkon gogewa, musamman a mintunan farko inda kuka fi ja da baya. In suka goge, babu wankin da zai dawo da su. Sai ka ga faifai yana sheƙi tsaf amma lamba ta ƙi tashi, mai shi ya koma zargin kwamfuta, ko ya ce wani abokin sana'a ne ya yi masa asiri. Na sha jin wannan ma, kuma abin takaici ne mutum ya ɓata da ɗan'uwansa a kan ƙurar da buroshi zai cire.

Kuma su masu ba da shawarar ba su za su saya maka sabuwa ba. Shure ta daina yin allura tun 2018, sauran kuma sai ka aika Kano ko Yamai ka jira. Mutanen nan su ne dai masu cewa a wanke faifai da fetur ko a fesa masa turare. Fetur na cin robar faifai, turare na barin maiƙo da ƙura za ta manne a kai, sinadari mai ƙarfi kuma na iya narkar da gam ɗin bakin allura. In faifai ya yi dauɗa, tataccen ruwa da ƙyalle mai laushi sun isa, kana bin layinsa a kewaye, ka bari ya bushe a inuwa.

Kafin bikin nan ka daidaita nauyin hannu yadda kamfanin allurarka ya rubuta, ka juya faifan zuwa ɗaya fuskar in ta farko ta gaji. In ka isa wurin, sa a yayyafa ruwa a gaban teburinka, ka nesanta shi da manyan lasifiku, sannan ka danna Estimate a Setup don Serato ya auna hayaniyar wurin, allura na kan faifai, faifan kuma a tsaye, kiɗa na tashi da ƙarfin da za ka yi aiki da shi. Ka tafi da allura ta biyu a aljihu, ka kuma rufe injinan da zane har sai lokacin farawa ya yi.