Sabon Crash Bandicoot daidai yake da na da?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko sabon wasan bidiyo na Crash, wato N. Sane Trilogy, daidai yake da tsohon. A ido ya fi kyau nesa ba kusa ba, amma a hannu akwai bambanci. Kamfanin Naughty Dog suka fitar da na asali a 1996 a kan PlayStation, sai kamfanin Vicarious Visions suka sake gina wasanni ukun farko a 2017 da sunan N. Sane Trilogy. Salon motsin wasa na uku suka ɗauka a matsayin tushe ga duka, shi ya sa a sabon na farko Crash ke saurin faɗowa. Ƙafarsa kuma na zamewa a bakin rami. Matakan gadar katako sun ƙara wuya sosai. Ni dai ina ganin ka saya, tunda yanzu wasan yana ajiye inda ka tsaya da kansa.