Munich ko Magdeburg: wanne aljihun ɗalibi zai iya ɗauka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na samu gurbin digiri na biyu a fannin injiniya a jami'o'i biyu na Jamus, Jami'ar Fasaha ta Munich (TUM) da Jami'ar Otto von Guericke da ke Magdeburg. Yayana ne zai ɗauki nauyina, kuma ƙarfinsa bai wuce kuɗin da ake nema don biza ba. Ina zan dosa?

Amsa: Wa alaikumus salam. In dai ƙarfin yayanka ke nan, Magdeburg za ka, kuma ga lissafin.

Kafin a ba ka biza sai ka zuba Yuro 11,904 a rufaffen asusun da suke kira Sperrkonto. Wannan shi ne adadin tun Satumbar 2024. Ba a sakar maka kuɗin gaba ɗaya, Yuro 992 kawai ke fitowa duk wata, ko a wane gari kake zaune. Abinci ba ya raba garuruwan Jamus sosai, domin farashin shinkafa da mai da madara a manyan kantunan Aldi ko Lidl kusan ɗaya ne ko'ina. Inshorar lafiya ma haka, wajen Yuro 140 a wata ga ɗalibin da bai kai shekara 30 ba. Haya ce ke raba su.

Ɗaki ɗaya a gidan haɗaka, wanda ɗalibai ke kira WG, inda kuke raba kicin da banɗaki, yana kaiwa wajen Yuro 800 a Munich. Cire shi daga 992, cire inshora, abin da ya rage ba zai ciyar da kai mako biyu ba. A Magdeburg irin wannan ɗakin yakan tsaya tsakanin 300 da 400, ka ga kana da ragowar kuɗin abinci da waya har da rigar sanyi. Ɗakunan hukumar kula da ɗalibai, wato Studierendenwerk, sun fi sauƙi a garuruwan biyu, sai dai layin jira a Munich yakan ɗauki zango biyu ko fiye. Ka cike takardarsu tun yau, kada ka jira biza.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su lura ya canza ba. Tun zangon hunturu na 2024, TUM na karɓar kuɗin makaranta daga ɗaliban da ba na Tarayyar Turai ba, kuma a yawancin kwasa-kwasan digiri na biyu Yuro 4,000 ne ko 6,000 kowane zango. Wannan kaɗai ya isa ya yanke maganar.

Za a ce maka aiki ya fi yawa a Munich, ga BMW ga Siemens. Gaskiya ne. Amma doka ta ba ɗalibin waje damar yin aiki na cikakkun kwana 140 ne a shekara, ko rabin yini 280, kuma mafi ƙarancin albashi ɗaya ne a faɗin ƙasar. Wanda bai iya Jamusanci ba yakan yi watanni kafin ya samu na kirki, haya kuwa ba ta jira. Raunin Magdeburg ke nan ita ma: ayyukan ba su kai ba, kuma baƙaƙen fata ba su da yawa kamar a manyan biranen yammacin Jamus, don haka ka fara koyon harshen tun kana gida.

Watan farko shi ke kayar da ɗalibai. Mai gida zai nemi kuɗin ajiya da ka iya kai hayar wata uku, kodayake doka ta yarda a biya shi kashi uku. Rufaffen asusun kuma ba ya sakin ko sisi sai ka buɗe asusun banki na yau da kullum, wanda sau da yawa sai ka yi rajistar adireshinka a ofishin gari. Saboda haka ka taho da guzurin makonnin farko daban. In ka ga tallan ɗaki, duba ko farashin Warmmiete ne, wato har da ɗumama ɗaki da ruwa, ko Kaltmiete, hayar tsura. Duk wanda ya ce ka tura kuɗi kafin ka ga ɗakin, shi yana wata ƙasa zai aiko makulli, ɗan damfara ne.