Kafin ki ƙara saƙa ko tauraro ɗaya, ina kayan bara?

Wata baiwar Allah daga Mabera a Sakkwato ta aiko da tambaya. Sana'arta saƙa: hulunan jarirai, safa da rigunan sanyi. Bara maƙwabciyarta Kirista ta nuna mata 'yan taurari da ƙwallaye da ƙananan safa da ake ratayawa a jikin bishiyar Kirsimeti, ta gwada, suka yi kyau. Ta kashe kusan naira dubu 60 a zare, ta saƙa guda 200, ta ba ƙanen maigidanta mai zuwa Abuja. Ya kawo mata dubu 25, ya ce sauran ba su shiga ba. Bana tana son ta kwashi adashenta na dubu 200 ta ninka aikin, don ta ji an ce a can guda ɗaya na kai dubu 2. Tana tambaya: wane launi ya fi tafiya?

Malama, ja da kore da fari. Wannan ko maƙwabciyarki za ta gaya miki. Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Guda nawa ya sayar? A kan nawa? Sauran suna ina? Duk tsawon saƙonki babu amsar ko ɗaya, kuma na san dalili: kin ji nauyin tambayarsa saboda ƙanen miji ne. Kin zuba kaya a jaka, kin ce "Allah ya ba da sa'a", shi ke nan. Ba ku ƙirga tare ba, ba ku yanke farashi ba, ba ku yi maganar la'adarsa ba. To wanda bai san rabonsa ba, shi zai yanka wa kansa.

Ban ce ya ci amanarki ba. Ta yiwu da gaske kayan sun yi kwantai, suna can cikin buhu a ɗakin wani abokinsa. Amma ke ba ki da hanyar sani, kuma a haka kike shirin ɗora adashen shekara guda a kai. Na san wata mai ɗinkin zannuwan gado da ta shekara uku tana ba ɗan yayarta kaya yana kai wa Kano. Ranar da aka zauna lissafi, shi ya rantse ya biya, ita ta rantse bai biya ba, babu ko ƙyallen takarda a tsakaninsu. Jari ya tafi, yau ko a wurin suna ba sa gaisawa.

Kuma kayan nan naki na lokaci ne. Ragon layya ko sallah ta wuce ana iya yanka shi a ci, tauraron zare kuwa daga 25 ga Disamba sai wata shekara. A Sakkwato ma kasuwar na watsewa tun kafin ranar, domin da yawa daga cikin masu sayen suna tafiya garuruwansu bikin. Ga kuma na roba 'yan China masu ƙyalli da araha cike da shaguna. Wannan dubu 2 da kika ji, wa kika ga ya ƙirga ta a hannunsa? Ki bar lissafi da kuɗin "an ce".

Ki kira shi cikin mutunci, in da hali a gaban maigidan, ki ce kina son ragowar kayan don ki san abin da za ki ƙara. Abin da ya dawo da shi, ko ya kasa dawowa da shi, shi ne lissafin bara.

Bana kada ki wuce dubu 30. Ki saƙa samfuri kamar goma tun watan Oktoba, maƙwabciyar nan ta nuna wa matan cocinsu, ki sa hotuna a WhatsApp. Mai so ta ba da kafin alƙalami, rabin kuɗi, sannan ki taɓa kwarashi. Ki sayi littafin 'yan makaranta: suna, adadi, abin da aka bayar, abin da ya rage. In ƙanen mijin zai sake ɗauka, a ƙirga a gabansa, a rubuta farashi da la'adarsa a kan kowane guda, ya sa hannu, a sa ranar dawo da abin da bai shiga ba. In ya ce rubutu raini ne, ki ce kin fasa aikawa.

Sauran adashen ki zuba a hulunan jarirai da safa. Hunturu na tafe, kuma masu sayen waɗannan kin san ƙofar gidajensu.