An ce akwai jiƙon da ke mayar da AS ya koma AA, ko in ci gaba da sha?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni malamin makaranta ne, ilimin halittu na karanta a kwalejin ilimi, saboda haka na san abin da AS da AS kan haifa, wato yaro mai sikila, SS. An kai kuɗin gaisuwa, an sa rana bayan Babbar Sallah, har an fara haɗa lefe, sai muka je gwaji ya nuna ni AS, ita ma AS. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Kawuna ya kai ni wurin wani mai magani da ya ce yana da jiƙon da ake sha wata uku ya wanke jini, AS ya koma AA. Har ya nuna min takardun gwaji biyu na mutum ɗaya, ta farko AS, ta biyu AA. Sati biyu ke nan ina sha. Abin da nake tunani shi ne, tunda jajayen ƙwayoyin jini kan mutu a yi sababbi duk bayan wata huɗu, ba zai yiwu sababbin su fito AA ba? Ka faɗa min gaskiya ko da ɗaci.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Allah Ya yaye maka wannan damuwa. Kafin komai, ajiye jarkar nan, kada ka ƙara kurɓa ko sau ɗaya, sannan ka karanta sauran.

Rabin lissafinka daidai ne. Jar ƙwayar jini takan yi kwana 120 sai saifa ta kawar da ita, wata ta maye gurbinta. Inda ka kauce shi ne ba ka tambayi inda sabuwar take fitowa ba. Ka tuna jar ƙwayar jini ba ta da cibiya, wato ɗakin da ke ajiye DNA, rubutun gado. Tun tana cikin ɓargo take tofar da ita kafin ta shiga jijiya. Wato a cikin waɗannan ƙwayoyin da mai maganin ya ce zai wanke babu DNA ko ƙanƙani. Rubutun yana can cikin uwayen ƙwayoyin da ke zaune a ɓargo, kuma da shi suke ƙera kowace sabuwa. Dubi tandar mai masa. In gurbi ɗaya ya ɓantare, ta zubar da masar yau ta kwaɓa sabon ƙullu gobe, masar da za ta fito daga wannan gurbin da ɓantararren gefe za ta fito. Kai ƙullu ake ce maka za a canza, tandar tana nan yadda take.

Ɓantarar kuwa ƙarama ce ƙwarai. A kan kuromosom na 11, harafi ɗaya ne ya sauya, GAG ya zama GTG. Sakamakon haka, a sarƙar beta ta himogulobin (furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini) mai amino asid 146, na shida kaɗai ya canza: balin ya zauna a gurbin gulutamik asid. Vernon Ingram ne ya gano wannan a Ingila wajen 1956, bayan Linus Pauling ya nuna a 1949 cewa furotin ɗin kansa ne ya bambanta. Gulutamik asid yana shiri da ruwa, balin kuwa gudun ruwa yake. Da himogulobin ya sauke iskar oksijin, sai wannan balin ya nemi mafaka ya maƙale a wani ɗan lungu a jikin maƙwabcinsa, shi ma ya maƙale a na gaba, har su zama dogayen sanduna a cikin ƙwayar. Su ne suke tokare ta ta lanƙwashe kamar lauje. Ku masu AS kuna tsira ne saboda S ɗin, wato himogulobin mai balin, bai kai rabi ba a kowace ƙwaya, lafiyayyen A ɗin yana shiga tsakani ya hana sandunan haɗuwa.

Abin da littafin aji bai cika tsayawa a kai ba shi ne tantanin ƙwayar, alhali a nan azabar take. Faɗin jar ƙwaya maikuromita 7 zuwa 8 ne, amma tana kutsawa cikin jijiyoyin da suka fi ta ƙanƙanta, don tantaninta maiƙo ne ninki biyu, a ƙarƙashinsa akwai ragar furotin da ke barin ta ta naɗe ta kuma miƙe. In sandunan nan suka yi ta tokarinta suna saki, suna tokari suna saki, ragar takan sare. Sinadarin fotasiyom ya tsiyaye, ruwa ya bi shi, ƙwayar ta ƙafe, himogulobin ya ƙara cunkushewa, sandunan su ƙara saurin haɗuwa. Wani maiƙon da wurin zamansa ciki ne ya juyo waje, ƙwayar ta yi danƙo ta riƙa mannewa a bangon jijiya. Wadda ya kamata ta yi wata huɗu sai ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Ga ƙarancin jinin, ga shawarar da ke fitowa a ido, ga toshewar da ke sa yaro birgima. Shi ya sa muke ta nacin a ba masu sikila ruwa, a rufe su lokacin hunturu, a kuma gaggauta maganin zazzaɓi.

Yanzu bari mu zo kan masu "wankin jini", don wallahi sun ishe ni. Babu makon da zai wuce ban ji wannan magana ba. Da safe a rediyo, da rana a mota mai lasifika a bakin kasuwa, da dare a WhatsApp, kowa da jarkarsa da farashinsa. Kuma sun iya zaɓen lokaci: ba sa tare mutum sai an sa rana, an kashe kuɗi, kunya ta riga ta ɗaure shi. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, kuma sun san haka.

Ka ce ya nuna maka takardu biyu. Ni ma an sha ajiye min irinsu a kan tebur, kuma hanyoyin samunsu ba ɓoyayyu ba ne. Wani lokacin kuskuren ɗakin gwaji ne. Gwajin da aka fi yi a ƙananan wurare shi ne a ɗiga jini a takarda a sa wutar lantarki ta raba nau'o'in himogulobin, sai a duba layuka. In sinadarin ya tsufa, ko wuta ta ɗauke ana tsaka da aiki, ko ba a sa jinin da aka riga aka san nau'insa a gefe don kwatance ba, layin S yakan dushe ko ya haɗe da na A, mai dubawa ya rubuta abin da idonsa ya ba shi. Wani lokacin ƙarin jini ne: yaro SS da aka ƙara wa jinin mai AA, in ka gwada shi cikin makonnin nan AS za ka gani, sai iyaye su yi ta murna magani ya fara aiki, bayan wata uku jinin aro ya ƙare a koma gidan jiya. Wani lokacin kuma, mu faɗi gaskiya, takardar ce aka saya. Tun da jihohi irin su Kano suka wajabta gwajin lafiya kafin aure, Kano a 2024, wasu sun ɗauki takardar tamkar rasit ɗin da ake nuna wa liman a wuce. Dokar tana da kyau, amma in babu mai bin diddigin ɗakunan gwajin, takarda kawai aka ƙara wa daraja. Shi kuwa mai jiƙon yakan ce maka ka koma "wurin da muke turawa" a sake gwada ka. Ka tambayi kanka me ya sa sai can.

Na taɓa karɓar wata jaririya 'yar wata bakwai, bayan hannuwanta da ƙafafuwanta sun kumbura sun yi sheƙi, ko zani ya taɓa su sai ta ƙwalla ƙara. Uban ya zaro takarda daga aljihun gaba, a naɗe cikin leda, ya ce Likita ai ba zai yiwu ba, ga shi ni AA ne. Da muka zauna sai ya ce da can AS ne, ya sha magani kafin biki. Muka sake gwada shi, AS ɗinsa na nan daram. Ya daɗe yana kallon takardar nan bai ce uffan ba. Abin da ya yaudare su har wata shida shi ne jariri yana zuwa duniya da himogulobin na cikin mahaifa, wanda muke kira F, shi kuma ba ya shiga cikin sandunan nan. Sai ya fara raguwa ciwon ke bayyana. Waɗannan watanni shida na lafiya su ne mai jiƙo ke kafa hujja da su, kafin nan ya ci kuɗinsa ya sha ruwa.

Ga hujjar da nake so ka kai wa Kawu, cikin ladabi. A ɗauka ma an yi abin da ya fi jiƙo nesa ba kusa ba, wato dashen ɓargo. Wannan kam yana warkar da sikila, an kuma fara yin sa a Najeriya tun 2011 a asibitin koyarwa na Benin. Ana kashe ɓargon mara lafiya a dasa masa na ɗan'uwansa, jininsa ya koma irin na wanda ya ba shi. To wannan mutumin da jininsa ya canza da gaske, in ya yi aure, S zai ba 'ya'yansa, domin maniyyi ba a ɓargo ake yin sa ba, ƙwan mace ma haka. Ko Casgevy, maganin gyaran ƙwayoyin gado da Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, wanda kuɗinsa ya haura dala miliyan 2, bai taɓa harafin nan ba. F ɗin jarirai yake tayarwa a ɓargo, abin da mutum zai gadar yana nan. Kai kuma matsalarka ba jininka ba ce, lafiyarka ƙalau. Matsalar abin da za ka gadar ce. Saboda haka ko da jiƙon yana yin abin da aka ce yana yi, ba zai amfane ka da komai ba.

Kada a ce gaba nake da itatuwa. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja ta taɓa haɗa Niprisan daga masoro da kanumfari da karan dafi da wani icce, aka gwada shi, aka ga yana rage yawan tashin ciwo ga wasu. Su da suka yi aikin a ɗakin bincike ba su taɓa cewa yana canza jinotaif ba. Wanda bai san abin da ke cikin jarkarsa ba shi ne mai alƙawarin.

Sannan akwai masu cewa "ai ni O ne, kowa zan iya aura". Rukunin jini wani abu ne daban: A da B da O sukari ne da ke manne a bayan tantanin ƙwaya, himogulobin kuma yana ciki. Mutum na iya zama O kuma SS. Haka masu cewa tunda yiwuwar AS da AS su haifi SS ɗaya ce cikin huɗu, sai a haifi uku a tsaya. Ka fi ni sanin kowane ciki da ƙuri'arsa. Na ga gidan da uku na farko duka SS ne.

Ba na faɗin wannan don a ɗauki masu sikila kamar waɗanda aka yanke wa hukunci. Da folik asid, da rigakafin zazzaɓin cizon sauro, da allurai, da haidiroksiyuriya mai ƙara F, da yawa suna karatu suna aiki suna aure. A Kano ma an yi binciken da ya nuna haidiroksiyuriya na kare yaran da ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Kuma S ba la'ana ba ce: tun 1954 Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka cewa masu AS sun fi tsira daga mummunan zazzaɓin sauro, abin da ya sa kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya ke ɗauke da shi. Amma ƙiyasin da aka fi ambata shi ne jarirai kusan 150,000 ake haifa da cutar duk shekara a ƙasar nan, kuma uwa ce ke kwana a zaune da su. Masu ce maka ka yi tawakkali, ka lura ko suna cikin waɗanda za su zo jinya. Addinin da ya ce a dogara ga Allah bai ce a sayi takardar ƙarya a rufe wa yarinya da iyayenta ido ba.

Abin yi yanzu: ku je ku biyun asibitin koyarwa ko wani babban asibiti da ke da sashen jini, ku nemi a yi muku gwajin HPLC, wanda ke fitar da adadin A da S da F da wani nau'in himogulobin da ake kira C a lamba, ba da ƙiyasin ido ba. Kuskuren da ke mayar da AS ya zama AA yana iya faruwa ta ɗaya gefen, don haka tabbatarwa ta zama dole. In an ƙara wa ɗayanku jini cikin wata ukun da suka wuce, ku faɗa. In ya sake fitowa AS da AS, hukunci naku ne ku biyu, ba nawa ba, ba na Kawu ba, amma ita ma a gaya mata komai kamar yadda na gaya maka, har da zancen jiƙon. Akwai gwajin ɗan tayi da dashen ƙwan da aka tantance a wasu manyan asibitoci masu zaman kansu, sai dai kuɗinsu ba na malamin makaranta ba ne, kuma akwai tambayoyin shari'a a ciki da sai kun zauna da malamai.

Ranar da za ka je, ka tafi da jarkar ka nuna wa likita, ka ce sati biyu ka yi kana sha, a duba maka ƙoda da hanta. In kafin nan ka ga fitsarinka ya ragu ko ya yi duhu, ko ƙafa ta fara kumbura, kada ka jira ranar, ka tafi a daren.