Awo ya nuna na samu sauƙi, in bar shan ƙwayar?

Salamu alaikum Tanti, ina kwana ina gajiya, ya iyali. Don Allah a sakaya sunana. Ni tela ce a unguwar Zariya nan Maradi, shekarata 34, 'ya'yana huɗu. Bara waccan ƙanwata ta haihu jini ya ƙare mata, aka ce mu ba da jini, da aka auna nawa sai suka ce ba za su ɗauka ba wai ina da ciwon hanta, epatit B. Wallahi ni ko ciwon kai ba na yi lokacin, sai dai gajiya, ita kuma na ɗauka ta keken ɗinki ce. Na je wajen likita ya sa na yi analiz kala-kala, wani ana ce mishi ALAT ya fito 112, wani kuma sharji biral na ƙidayar ƙwayar cutar wanda kuɗinshi sai da na saida akuyata guda, daga nan ya ɗora ni kan tenofobir, ƙwaya ɗaya kullum.

Wata goma sha huɗu ina sha ban taɓa tsallakewa ba, gwangwanin yana cikin durowar keke tare da zare da almakashi don kar in manta. Watan da ya wuce na sake awo ALAT ɗin ya dawo 28, yaron da ya miƙo min takarda a labo ya ce Hajiya ai wannan normal ne. To Tanti tun ranan maigida ya ce tunda an warke mi ne na ci gaba da zuba kuɗi a farmasi ga hatsi ya yi tsada ga kuɗin lakwal na yara, uwar mijina kuma ta aiko min da jarka guda ta jiƙon sassaƙe daga ƙauye wajen Madarunfa ta ce shi ke wanke hanta tas. Maganina ya ƙare yau kwana tara ban sayo ba, jiƙon nake sha safe da yamma, ɗaci kamar madaci. Likita ya rubuta min in sake sharji biral da awon ƙoda da ekografi, wato hoton ciki, takardar na nan na ninke ta cikin jaka don ba ni da halin duka.

Abin da ke hana ni barci, babanmu da kumburin ciki ya rasu idonshi ya yi ɗorawa, aka ce sammu ne. Kuma baya na damuna saboda zaman keke, ina sayen ƙwayoyi wajen masu tallan magani a tire in sha biyu uku. Shin na warke ne in huta, ko kuwa? Ga azumi na tahowa. Kuma kishiyata ta ware min kwano da kofi, har 'ya'yanta ta hana su ci da ni, abin na min ciwo ba kaɗan ba.

Ɗiyarki a Maradi

*

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya jiƙan baba, ya ba ki lafiya mai ɗorewa. Kin zo neman shawara don gudun shawara, to bari in fara da wadda ba ta jira: kwana taran nan kar su zama goma sha biyar. Satin nan ki koma wajen likitanki ki gaya mishi gaskiya, ranar da ƙwaya ta ƙare da jiƙon da kike sha, ko zai yi faɗa ki bar shi ya yi, faɗan likita bai kai kwanciya a gado ba.

Yaron labo bai yi ƙarya ba, 28 lamba ce mai kyau, fassarar da aka yi mata a gida ce ta karkace. ALAT wani sinadari ne da ke cikin hanta, in tana jin jiki sai ya tsiyayo cikin jini lambar ta hau. Da ya sauko daga 112, ma'anarshi hantar ta samu ta numfasa saboda tenofobir ya danne ƙwayar cutar ya hana ta hayayyafa. Danne ta ya yi, bai kashe ta ba, tana nan laɓe cikin hanta kamar garwashi a ƙarƙashin toka. Shi ya sa akasarin masu shan shi shekaru suke yi, da yawa ma har iya rayuwa, kamar mai hawan jini. Kuma barin shi kwatsam ya fi abin da mutane ke zato haɗari, don cutar na iya tasowa da ƙarfi bayan 'yan makonni ko watanni ta ƙona hanta fiye da farko, alhali ke kina ganin garau kike. In kin ga farin idonki ya koma rawaya, ko fitsari ya yi duhu kamar shayi, ko ciki da ƙafa na kumbura, ko amai da jini, ko bayan gida baƙi ƙirin, ko barci da ruɗewa sun yi miki yawa, wannan ba a jira randebu, kabu-kabu za ki tara zuwa asibiti ko tsakar dare ne.

Jiƙon kuwa, ki yi wa uwar mijinki godiya don ƙauna ce ta sa ta aiko, amma ki aje jarkar. Duk abin da ya wuce maƙogwaro hanta ce ke tace shi, kuma babu mai iya gaya miki itace nawa aka haɗa ko ƙarfinshi nawa ne a kofi guda, akwai itatuwan da su da kansu suke lalata hanta. Mun taso da cewa ɗaci shi ne magani, to ba kowane ba. In kina jin nauyinta ki ce likita ya hana haɗawa, ki ɗora mishi laifin, ya saba.

Zancen kuɗi na ji shi, ban raina ba. Amma kar ki ninke ordinansi ki yi shiru, ki buɗe baki ki ce mishi likita ga abin da nake da shi, wanne zan fara. Awon nan ba ɗaya suke ba a kuɗi ko a gaggawa. ALAT da kireyatinin, wato awon ƙoda, ba su kai sharji biral tsada ba ko kusa, kuma na ƙodar dole ne don tenofobir ta ƙoda yake fita, wasu yana taɓa musu ita a hankali ba su sani ba, in an gani da wuri a gyara yadda ake sha ko a sauya wani kamar antekabir. Sharji biral ga wadda ke shan magani daidai sau ɗaya a shekara yakan wadatar, likita ne zai tsara. Wanda ba na so ki yi wasa da shi shi ne ekografi, saboda abin da kika faɗa na baba. Ba zan ce ga abin da ya kashe shi ba tunda ba a auna ba, amma kumburin ciki da rawayar ido a gidan da aka samu epatit B magana ce da likita ya kamata ya ji. Masu irin wannan tarihi ana son a leƙa hantarsu duk wata shida, wani lokaci a haɗa da awon jini mai suna AFP, don in wani ƙulli ya fara a gan shi tun yana ƙarami. Ki shiga adashe ko na dala ɗari-ɗari ne ki sa mishi suna na awo, kuma ki riƙa sayo sabon gwangwani tun saura ƙwaya bakwai a tsohon. Ki samu kaye irin na 'yan lakwal ki riƙa rubuta kwanan wata da lambar kowane awo, kamar dai yadda kike rubuta awon kafaɗa da ƙugu na masu kawo ɗinki, lamba ɗaya ba ta faɗin komai sai an jera ta da 'yan uwanta.

Ƙwayoyin tire ki rabu da su. Yawancin na ciwon baya diklofenak ne ko ibuprofen, suna wahalar da ƙoda, ga ki kan maganin da shi ma ƙodar yake bi, kuma in hanta ta fara taurarewa suna iya jawo zubar jini a ciki. Farasitamol ya fi dama, shi ma da ƙa'ida, mai hanta mai rauni ba a so ya wuce ƙwaya huɗu ta 500 a yini. Ki sa matashi a bayanki, ki riƙa tashi daga keke kina miƙewa.

Wani abu da mu mutanen Maradi ba mu cika kula ba, gujiya da masara in sun sha damshi suka yi fumfuna suna fitar da dafi mai suna aflatoksin, shi da epatit B in sun haɗu haɗarin kansar hanta ninkuwa yake. Ban ce ki bar ƙuli-ƙuli ba, wa zai iya, amma gujiyar da ta yi baƙi ko ta yi ɗaci a tofar, kuma kar a ce a kai ta tunkuza don kar a yi asara.

Azumi mai sauƙi ne tunda sau ɗaya ake shan ƙwayar tenofobir, ki mayar da ita lokacin buɗa baki ko sahur ki tsaya kan guda, ki sha ruwa sosai da dare, amma ki tambayi likita tukuna ko hantarki da ƙodarki za su ɗauka, balle yanzu da kika yi tsallake. Ranar da kika manta, in ba a kai awa goma sha biyu da lokacin da kika saba sha ba ki sha, in an wuce ki jira ta gaba, kar ki haɗa biyu.

Kishiyarki tsoro ne ya yi mata yawa. Cutar nan ba ta bin kwano ko kofi ko gaisuwa, jini take bi da kwanciyar aure da kuma daga uwa zuwa jariri wajen haihuwa, a ƙasashenmu da yawa tun suna ƙanana suka ɗauka ba su sani ba. Abin da za a ware shi ne reza da burushin haƙori da abin yankan farce da askar wanzami. Maigida da ita kanta da yara duka da ƙannenki su je a yi musu AgHBs, awon jini na gano cutar, duk wanda ba ya da ita kuma bai yi rigakafi ba a yi mishi allura uku. In Allah ya kawo wani rabo ki faɗa tun awon ciki na farko, jariri a yi mishi allurar cikin awa 24 da haihuwa, nono kuma ki ba shi abinki.

Ranar randebu ki lallaɓi maigida ya raka ki ya ji da kunnenshi, maza sun fi yarda in mai farar riga ya faɗa. Ki tafi da gwangwanin da ya ƙare da takardun awo duka, har da 'yar ragowar ƙwayoyin tiren nan ya ga ko mi kike sha.

Tanti